Ɗauko Baba Daga Gidan Sauƙi na Akokan

Tun ranar da na dawo daga arewa bakina bai huta ba. Mace za ta kawo mini ɗinki, kafin in ɗauko abin awo ta riga ta gyara zama a kan benci tana cewa, "Rakiya, wai da gaske ne a Arlit ko ruwa ba a sha?" Wata kuma ta ce ta ji an ce mutanen can haƙoransu zubewa suke yi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ta ji kai, waccan ta ji wutsiya. To ga shi nan gaba ɗaya. Wadda ta karanta ta karanta wa 'yar uwarta, ni kuma a bar ni in taka kekena.

Ga wadda ba ta sani ba, mahaifina Malam Isufu ƙarfinsa duka a ramin uraniyom na Akokan ya ƙare. A can aka haife ni, amma ban yi wayo a garin ba. Ina tatata Iya ta dawo da mu Damagaram, shi kuma yana zuwa mana hutu. Da ya ajiye aiki ya dawo gida ya zauna, shi da wani tari da ba ya jin magani. Bara bayan damina ya ce zai hau Arlit a duba masa ƙirji, tunda likitocin can su suka san ciwon 'yan rami. Can ciwo ya kayar da shi, aka kwantar da shi, aka sallame shi. Maimakon ya shigo mota ya dawo, sai ya kira ya ce yana wani wuri da ake kira Gidan Sauƙi, zai ɗan murmure. Wata ya bi wata. Duk sa'ad da aka kira shi sai ya ce, "Sai na ƙara jin ƙarfi," tari yana yanke masa magana. Ranar nan Iya ta ajiye waya ta dube ni ta ce, "Yayyenki maza duk suna nesa. Ke za ki je ki ɗauko mini shi, kada a rufe shi inda ba mai ziyara."

Ban ce a'a ba, amma ban san hanyar ba. Ni a da Tanut ce iyakata a arewa, ita ma biki ya kai ni.

Iya ta haɗa mini kaya kamar mai zuwa garin da ba kasuwa: garin kunu, kuka, yaji, alkaki, da daddawa ƙulli guda cikin leda. Daddawar nan ita ta fara ja mini magana. Tun kafin mu kai Tanut rana ta buge ta, motar duka ta ɗauki wari, mutane suna waige-waige suna neman mai laifi. A shingen jandarma aka ce kowa ya sauka da katinsa. Wani jandarma dogo ya buɗe jakata, ya ja da baya yana toshe hanci, ya ce, "Madam, wannan makami ne ko abinci?" Aka yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce a ɗaure ta a saman mota, haka aka yi.

Wanda Allah ya haɗa ni kujera da shi wani Bakatsine ne, Alhaji Lawal, mai sayar da kayan gyaran mota a Arlit. Mutumin kirki ne, ya saya mini ruwa, ya kare ni daga turereniya, amma bakinsa ba ya riƙe abin tsoro. Da ya ji inda za ni ya ce, "Akokan? Garin da aka rufe ramin? 'Yar uwa, ki kiyayi abu uku: iskar da ke tasowa daga tudun sharar ma'adini, da tsohon ƙarfe, da ruwan da ba ki san rijiyarsa ba. Abin nan ba ya wari, ba ya ɗaci, ba a ganinsa. Sai bayan shekaru ya taso maka." Na ce, "To yaya ake gane shi?" Ya ce, "Ba a gane shi. Shi ya sa nake gaya miki." Daga nan har Agadas duk ƙarfen da hannuna ya taɓa a motar sai in goge a zanena.

Mun shiga Agadas da magariba, muka kwana a harabar tashar, maza gefe, mata gefe, kowa da tabarmarsa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Abzinawa. Mu a gida mace ke jan mayafi, a can namiji ne ba ka ganin komai nasa sai idanu, ko shayi zai sha sai ya cusa kofin ta ƙarƙashin rawani. Matansu kuwa fuska a buɗe, suna magana da ƙarfi, suna aiken maza. Wata tsohuwarsu ta ba ni cuku, na ɗauka zai yi laushi kamar wara, na gatsa, saura kaɗan in bar haƙorina a ciki. Ta yi ta dariya, ta nuna mini sai an jiƙa shi cikin shayi.

Hanyar Agadas zuwa Arlit sunanta kawai hanya. Kwaltar ta cinye, abin da ya rage ramuka ne masu kaifin baki, don haka direba ya sauka gefe ya bi sawun manyan motoci cikin rairayi. Da rana ta take tsaka muka nutse. Taya tana juyawa, mota ba ta motsi. Muka sauka. Ba itace, ba gida, ba inuwa sai ta motar kanta. Maza suna haƙa da hannu, sai wata mata ta ce, "Wayyo, ku duba can." Motoci biyu buɗaɗɗu ne suka yanko daga gabas, ba ta kan hanya ba, cike da maza masu rawani da baƙin tabarau. Na dubi direba, na ga fuskarsa ta sake. Ya ce a hankali, "Kowa ya zauna ƙasa. Kada wanda ya gudu, kada wanda ya yi gardama." Alhaji Lawal ya tura wayarsa cikin safa yana salati. Matar da ke kusa da ni ta cire 'yan kunnenta ta zuba a baki. Ni ban ɓoye komai ba, na zauna daɓas ina tuna yarana.

Suka tsaya. Wani ya diro ya jawo wani dogon abu naɗe cikin bargo. Na rufe ido. Da na buɗe sai na ga faya-fayan ƙarfe ne masu huji, irin waɗanda ake shimfiɗa wa taya a rairayi. Ashe masu haƙar zinariya ne za su gari. Suka fitar da mu, suka bar mana jarkar ruwa, suka wuce ko sunansu ba mu ji ba. Mata suka ɓarke da guɗa. Da muka koma mota direba ya ce, "Ku gode wa Allah. Wancan karon a daidai nan, ba irin waɗannan ne suka zo ba."

Kafin ka ga Arlit tuddai kake fara gani, dogaye, saman su a miƙe kamar an yanka da wuƙa. Na ce wa Alhaji Lawal, "Ashe kuna da duwatsu." Ya ce, "Ba duwatsun Allah ba ne. Abin da aka fito da shi daga ƙasa ne." Na ja mayafi na rufe hanci, ban sake buɗewa ba har tasha. Shi ya tsayar mini da ɗan kabu-kabu mai babur, ya ce masa Gidan Sauƙi a Akokan, muka yi sallama.

Akokan ta ba ni tsoro fiye da dajin. Daji dama ba kowa. Nan kuwa gidaje ne a jere, layi bayan layi, iri ɗaya, wasu an ciccire musu ƙofofi da tagogi, awaki suna shiga suna fita. Da mutane, ba a ce babu ba, da shaguna, da yara 'yan makaranta, amma garin kamar rigar da ta yi wa mai ita yawa. Ɗan kabu-kabun ya ajiye ni a bakin gari, gaban wani gidan ƙasa mai faɗi, da bishiyar dogon yaro a ƙofa.

Na yi sallama na shiga zaure, sai na ja na tsaya. Bangon zauren duka sanduna ne a rataye, tun daga ƙasa har rufi. Sandunan dogarawa na guragu, na katako da na ƙarfe, sandunan makiyaya, kwagiri, har da wani ɗan ƙarami na yaro. Na ɗauka na matattu ne. Wata tsohuwa gajera, kakkaura, ta fito tana goge hannu. Ta ce, "Ke ce ɗiyar Isuhu? Kin taho lahiya? Mi kike kallo haka? Na waɗanda sunka warke ne. Wanda duk ya hita gidan ga da ƙahwahunshi shina barin sandarshi nan." Ita ce Gwaggo Tsahara, mutuniyar Tawa, mai riƙon gidan.

Ta kai ni ɗakin Baba. Da ba don muryarsa ba da ban gane shi ba. Ya rame, wuyansa kamar na zabo, amma idonsa garau. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, ke suka turo? Wa ya ce ki biyo wannan hanya?" Na durƙusa na gaishe shi, kuka ya ƙwace mini. A gadon da ke gefensa akwai wani tsoho Ba'abzine, Agali, wanda suka yi aikin rami tare. Shi ba ya iya tashi ko kaɗan, numfashinsa kamar ana jan zarto. Ya ɗago hannu ya ce, "Yarinyanka ya zo, Isuf. Kai, bar kuka, babanka yana da ƙarfi, shi yake juya ni."

Aka kawo mini ruwa a moɗa. Na karɓa na ajiye, na ce na sha a hanya. Da Gwaggo ta juya baya na fito da ruwan leda na sha a ɓoye. Na ɗauka ba ta gani ba. Washegari da safe ta zo da kanta da ƙwarya cike da kunun tsamiya, ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗiyata, ruwa kin ƙi, ban ce komi ba. Amma kunun gidan ga ba a ƙin shi, ko gwamna ya zo sai ya sha." Kunya ta sa na sha. Kuma wallahi ban taɓa shan kunu mai daɗinsa ba. A wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ake dama shi a tsakar gida, tukunyar da yaro zai iya wanka a ciki, baƙa ƙirin, bakinta ya sha hannu har yana ƙyalli. Kullum da safe na sha, har na daina tunani.

Da na ce wa Baba ya shirya mu tafi, sai ya ce in zauna. Ya ce, "Kin san wa ya gina nan?" Ya ba ni labari yana hutawa tsakanin magana. A farkon garin, in ma'aikaci ya ji ciwo akwai asibiti. Amma in an sallami mutum fa? Lebura ɗan ci-rani da ba shi da mata a garin, makiyayi da aka kawo daga daji, matar da ta haihu mijinta ya gudu, ina za su kwanta su yi ƙarfi? Wata mata, Hajiya Gambo, da mijinta ya rasu a garin, ita ta fara ɗaukar irin waɗannan tana kwantar da su a rumfarta tana dama musu kunu. Da rumfa ta cika sai 'yan rami suka ce ba za su zuba ido ba. Ranar hutu, mutum ya fito daga ƙarƙashin ƙasa a gajiye, ya zo ya buga tubali. Bahaushe, Ba'abzine, Bafillace, Babarbare, Bazabarme. Matansu kuma suka raba kwanan girki. Ba a tambayar mutum garinsu, ba a karɓar komai a hannunsa. Hajiya Gambo ta daɗe da rasuwa, Gwaggo Tsahara ta gaje ta, kuma har yau ba a fasa ba. Yanzu ma akwai samari biyu a ɗakin ƙarshe da aka koro daga Aljeriya, aka zubar da su kusa da Assamakka, ƙafafunsu duk sun tsattsage.

Ya ce, "Uwata, ku a Damagaram kuna da ganuwa, kuna da gidajen kakanni. Agadas suna da hasumiyarsu. Mu nan fa? Komai na garin nan kamfani ya gina, kuma da ya gama ya rufe. Wannan kaɗai ne mu muka gina da hannunmu, ba wanda ya sa mu. In ya tafi, da me za a san mun zauna a nan?"

Na ce, "To wa ya ce zai tafi?"

Nan ne ya gaya mini abin da ya ɓoye mana a waya. Tun da aka rufe ramin ake bin tsofaffin gine-gine ana aunawa, don a da mutane sun yi gini da duwatsu da ƙarafan da suka tsinto daga wajen aikin, ba su san da komai a jikinsu ba. Ginin da aka samu da gubar ma'adinin a jikinsa, in abin ya yi yawa, rushe shi ake yi a kwashe ƙasar. An aiko cewa layi ya zo kan Gidan Sauƙi. Baba ya ce, "Ba ni motsawa sai na ji abin da ƙarfen awon nan zai ce."

Ku da kuke tambayata ko na ji tsoro, to a kwanakin jiran nan ne na san tsoro. 'Yan gidan suna tsoron a rushe shi, ni kuwa gidan kansa nake tsoro. In na jingina da bango sai in zabura. In na kwanta a tabarma sai in ji kamar wani abu yana ratsowa daga ƙasa yana shiga ƙashina. Na yi tari sau ɗaya, na wuni ina sauraron ƙirjina. Ga mutane suna yi mini alheri, wannan ya ba ni dabino, waccan ta koya mini cin tagilla, gurasar da Abzinawa ke gasawa cikin rairayi mai zafi, ni kuwa ina murmushi ina lissafin ta inda ciwo zai fara.

Mai awon ya zo da hantsi. Sunansa Abdu, magidanci ne, ba tsoho ba, da wata na'ura a hannu kamar ƙaramin rediyo. Da ya shiga zaure ya tsaya ya taɓa wata sanda ta makiyaya, ya ce da Gwaggo, "Ta mahaifina ce, kin tuna?" Ta ce, "Na tuna. Yi aikinka, Abdu, kada ka ji kunyata." Duk wanda ke iya tashi ya fito tsakar gida. Maƙwabta suka cika ƙofa. Na'urar tana ƙara ƙas, ƙas, jefi-jefi kamar ɗigon ruwa. Abdu ya ce wannan ba komai, ko'ina a garin haka take yi, in ta haukace ne ake magana.

Ya bi bangon zaure. Ƙas, ƙas. Ya shiga ɗakin mata, ya fito. Ya shiga ɗakin su Baba, ni ina bakin ƙofa na dafe ƙirji. Ya kai ta bango, ya kai ta ƙasa, ya kai ta ƙarfen gado, ya ɗaga ta sama wajen azara. Baba yana tsaye da sandarsa yana cewa, "Ƙasar kwari ce muka ɗebo da jakuna, ba dutsen rami ko ɗaya." Abdu ya ci gaba da awo har ya gama ɗakin ƙarshe. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Bango lafiya. Ƙasa lafiya." Wata mata ta fara guɗa, maza suna alhamdu lillahi, Gwaggo ta zauna a kan turmi tana share ido.

Abdu ya nufo ta zai yi mata barka, ya ratsa ta gefen murhu. Sai na'urar ta ɓarke, ƙarrrr, kamar an zuba tsakuwa a kwano. Guɗar ta tsaya. Ya ja da baya, ƙarar ta lafa. Ya matsa, ta dawo. Ya miƙa hannu a hankali wajen tukunyar kunu, abin ya yi ta kururuwa ba tsayawa. Da sauran kunun safe a gindinta.

Ba zan iya gaya muku yadda na ji ba. Bakina ya cika da yawu, na ruga bayan ɗaki na yi ta amai har ba abin da ke fita. Kwana nawa ina sha? Baba fa, wata nawa? Waɗancan masu sanduna fa? Da na dawo na tarar ba wanda ya motsa. Wani tsoho yana cewa wani maƙeri ne ya yanko ta daga jikin wata tsohuwar tanki da aka yar, ya ba Hajiya Gambo sadaka. Gwaggo ta tashi ta kama rigar Abdu ta ce, "Hwaɗa mini gaskiya, don Allah. Mutane munka yi ta kashewa muna cewa jinya?"

Abdu ya ce, "Gwaggo, ban sani ba. Ba zan ce ta sa wa wani ciwo ba, ba zan ce ba ta sa ba, ilmina bai kai nan ba. Ni ma na sha, ina yaro. Abin da na sani, daga yau ba a ƙara girki a cikinta, kuma dole a tafi da ita inda ake binne irin waɗannan."

Sai muka ji muryar Agali daga ɗaki, yana ja da ƙyar. "Tsahara! Ni na shiga rami, na shaƙi abin da na shaƙa. Tukunya bai kai ni nan ba. Da ba kununka, da na mutu tun sanyi." Gwaggo ta saki rigar Abdu. Ta ɗebo ruwa da toka ta durƙusa za ta wanke tukunyar. Abdu ya ce kada ta taɓa. Ta ce, "Shekara nawa ina taɓa ta? Ba ta hita gidan ga da datti." Ya ba ta safar hannu, ya kau da kai. Ta wanke ta ciki da waje, aka naɗe ta cikin tampol, maza huɗu suka ɗora ta a bayan mota. Mutane suka bi motar har bakin titi.

Da yamma ba a hura wuta ba. Na ce a raina shi ke nan, gidan ya tsira daga rushewa amma ya mutu. Sai ga wata mata ta shigo da tukunyarta a ka, ta ajiye gaban Abdu, wanda bai tafi ba, ta ce ya auna. Ya auna, lafiya. Wata ta biyo ta, sai wata. Matan unguwa ne, wasu ma ba su daɗe a garin ba. Aka jera ƙananan tukwane a murhu, aka yi tuwo, aka kaɗa miyar kuka da daddawar Iya. Na ci, amma kowace loma sai na yi bisimilla sabuwa.

Washegari na ce wa Baba, "To an auna. Mu tafi." Ya daɗe yana kallon gadon Agali. Ya ce, "Uwata, mutumin nan ya taɓa jawo ni daga ƙarƙashin dutse. Ba shi da ɗa, ba shi da ƙane. In na tafi wa zai juya shi? Kuma Tsahara jikinta ya mutu, in ba a tsaya kusa da ita ba za ta saki gidan. Ki gaya wa uwarki ban ƙi ta ba." Na yi kuka, na yi fushi, na ce masa ya zaɓi bango a kan 'ya'yansa. Ranar da zan taho ya rako ni har gindin dogon yaro, ya dafa kaina ya yi mini addu'a, tari ya hana shi ƙarasawa.

Dawowa ba abin da ya faru, ko kuwa ni ce ban lura ba. Abin da zan gaya wa Iya shi ya cika mini kai tun daga Arlit har Tanut.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa, ta ci gaba da tsincewa. Na zauna na ba ta labari duka, ban rage komai ba. Da na zo kan tukunyar sai hannunta ya tsaya. Ta ce, "Baƙa, mai kunne ɗaya a karye?" Na ce ita. Sannan ta ce, "Ranar Laraba ce kwanan girkina a gidan. Da cikinki na yi ta dama kunu a tukunyar nan, har ranar da naƙuda ta kama ni a bakin murhun. A ɗakin matan gidan na yi wankan jego." Ban taɓa sani ba.

Na ce, "Iya, ba ki ji tsoro ba?"

Ta ce, "Ina ji mana." Ta ture faifan shinkafar ta miƙe tana dafa gwiwa, ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwatinta daga ƙarƙashin gado, akwatin da rabonta da taɓa shi tun aurena. Ta leƙo ta ce, "Tsahara ba ta iya tuƙa tuwon mutum ashirin ita kaɗai, kuma ubanki ba ya cin miyar kowa ya ƙoshi. Gobe ki kai ni tasha."